KUƊI DA ZAMAN AURE: A ZAUNA A YI LISSAFI TUN DA KAKA

Wannan jawabi ne da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibansa maza da mata ranar rufe zangon karatu. Mun kawo muku shi don amfanin kowa.

 

Yau kun iya karatu, kun iya rubutu, kun iya lissafi. To, ina za a fara amfani da wannan ilimi? Ni dai shawarata a fara da cikin gida. Yawancin rigimar miji da mata da ake kawowa gaban mai unguwa, in an bi sawunta, sai a tarar kuɗi ne ko hatsi.

Bari in ba ku labarin wani gida da na zauna wajen sulhunsu. Ba zan faɗi suna ba. Maigidan ya samu amfani mai kyau. Da kaka ya sayar da gero da yawa, ya yi sababbin riguna, ya yi bajinta a bukukuwa. Da damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki babu. Sai ya kama akuyar matarsa ya kai kasuwa, bai gaya mata ba. Ita kuwa da cinikin ƙuli-ƙuli ta sayi akuyar, tana kiwonta don kayan ɗakin 'yarsu. Ran da ta ji, ta yi yaji. Aka yi wata biyu tana gidansu, yara suna wahala, noma ya tsaya. Da aka zauna, shi ya ce ai don gidan ya yi. Ita ta ce me ya hana ya tambaye ta? Kowa da gaskiyarsa, amma da sun yi shawara tun da kaka, da ba a kai ga haka ba.

Abu na farko, kowa ya san hakkinsa. A shari'ar Musulunci ciyarwa da tufatarwa da wurin zama suna kan miji. Sadakin mace nata ne. Abin da ta gada nata ne. Ribar sana'arta da dabbobinta nata ne. In ta taimaka wa gida, alheri ta yi, sai a gode mata. In kuwa rance ta ba ka, bashi ne, sai ka biya. Maigida, in ka ci ƙosan uwargida bashi, ka biya ta kamar yadda za ka biya mai shago. Jarinta ne kake ci. Ke kuma uwargida, hatsin da ke rumbu amana ne a hannunki. Kada ki riƙa ɗiba a ɓoye kina sayarwa don biki. Ranar da ya ƙare, ke da 'ya'yanki za ku fara ji a jikinku.

Abu na biyu, a auna abincin shekara kafin a sayar da ko mudu ɗaya. Ga misali. A ce gidanku yana cin tiya 2 kullum. A wata tiya 60 ke nan. In buhunku yana cin tiya 40, to kuna cin buhu ɗaya da rabi a wata, watau buhu 18 a shekara. Kowa ya koma gida ya yi nasa lissafin, domin gida ya fi gida yawa. Matar gida ita ta fi sanin abin da tukunya ke ci, don haka a tambaye ta. Da farko a fitar da zakka in amfanin ya kai nisabi: kashi ɗaya cikin 10 ga noman damina, kashi ɗaya cikin 20 ga noman da aka sha wahalar ban ruwa. Sa'an nan a ware abincin shekara, a ware iri. Abin da ya rage shi ne na sayarwa.

Kun sani da kaka hatsi yakan yi araha, domin kowa yana kaiwa kasuwa. Wajen watan Yuli da Agusta yakan yi tsada. Wanda ya sayar da abincinsa da kaka, shi zai dawo ya saye shi da tsada da damina, ko ya ci bashin buhu ɗaya ya biya biyu. Wannan riba ce, addini ya hana, kuma ita ke sa manomi ya shekara yana yi wa wani noma. Ku tuna da shawarar da Annabi Yusufu, alaihis salam, ya ba mutanen Masar: su bar hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari. Tanadi ba rashin tawakkali ba ne.

Abu na uku, a duba gaba. Akwai hidimar da ba ta zuwa ba-zata. Ka san 'yarka za ta yi aure. Ka san ɗanka zai shiga sakandare. Ka san haihuwa tana tafe, ka san ɗaki zai nemi gyara, ka san duk shekara ana sayen taki. Tun ran gini ran zane. Ku zauna ku biyu, ku rubuta waɗannan hidimomi a littafi, da shekarar da kuke zaton kowace za ta zo. Akuya takan haihu cikin wata biyar da ɗaukar ciki. Wadda aka saya tun yarinya tana firamare, in Allah ya sa albarka, kafin aurenta ta zama garke. Da yayyafi kogi kan cika.

Kada kuma a tara dukiya wuri ɗaya. Kun ga abin da ya faru a farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun naira. Kuɗi suka yi wuya a hannu, waɗanda suka ɓoye tsofaffin takardu a gida suka shiga damuwa. A watan Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na kaya suka tashi. Kuɗin da aka binne a tukunya ba ya haihuwa, kullum darajarsa raguwa take yi. Saboda haka a raba: wani a hatsi, wani a dabba, wani a adashi ko asusun banki don larurar asibiti. Masu ajiye wake su nemi buhun nan mai ciki uku da ake ɗaurewa iska ba ta shiga. Yana hana ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Adashi kuma a yi shi da mutanen da aka sani, a rubuta zubi, a rubuta kwasa.

Abu na huɗu, a rubuta bashi, ko da tsakanin miji da mata ne. Wani zai ce ai wannan rashin yarda ne. A'a. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mutum yakan manta, takarda ba ta mantawa. Da can sai kun nemi mai rubuta muku, ya ji sirrinku. Yau alƙalami yana hannunku.

Ga mai mata biyu ko fiye, ina ƙara jan kunne. A auna wa kowace a fili, a ba da kuɗin cefane a fili. Abin da aka ba wata a ɓoye, ko ba jima ko ba daɗe sai ya fito, kuma fitowarsa ba ta da daɗi. Wanda yake shirin ƙara aure ya fara duba rumbunsa.

A ƙarshe, a san lokacin magana. Kada a yi zancen kuɗi a gaban yara, ko lokacin da mutum ya dawo gona a gajiye da yunwa. A bari a ci abinci, a natsu. Maigida, faɗa wa matarka abin da ka samu ba ya rage maka girma. In ta san buhu nawa ne a rumbu, ba za ta zarge ka da rowa ba. Uwargida, in kin ga babu, ki yi haƙuri, kada ki riƙa auna gidanki da na maƙwabta. In magana ta gagara, a kira dattijo ɗaya daga kowane ɓangare tun kafin ta kai kotu. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma wuri ɗaya suke kwana.

Aikin gida da zan ba ku shi ne wannan. Kowa ya sayi ƙaramin littafin rubutu. A shafi na farko ku rubuta hatsin da kuka samu bana. A na biyu, abin da gida ke ci a wata. A na uku, hidimomin da ke tafe. A na huɗu, bashin da ake binku da wanda kuke bi. In mun dawo sabon zango, wanda lissafi ya rikice masa ya zo da littafinsa mu duba tare.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya sa albarka a abin da muka noma.