Bitamin da maganin ƙanjamau

Daga Kutama zuwa Gwarzo da Kabo, da wuya kantin magani ya rasa kwalaben bitamin C da E, waɗanda ake tallatawa da sunan masu ƙarfafa garkuwar jiki. Ya kamata mai ɗauke da cutar ƙanjamau ya san iyakarsu.

Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan mata a Dar es Salaam ta Tanzaniya ya nuna haɗin bitamin B da C da E ya jinkirta tsanantar cutar, sai dai a lokacin ba su fara shan maganin rage kaifinta ba. A 2012 kuma, a ƙasar dai, aka gano cewa ga masu shan maganin, ninka bitamin bai ƙara amfani ba, sai ma alamun wahalar hanta.

Ƙwayar ƙarin jini da sinadarin zink kuwa suna iya hana dolutegravir, maganin da akasarin majinyatanmu ke sha, shiga jini yadda ya kamata. Saboda haka a nuna wa likita kowace kwalba tukuna. Wajen samun bitamin, kwaɗon zogale, gwaiba da gyaɗa sun fi kwalaben araha. Maganin ƙanjamau a asibitin gwamnati kyauta ne, kada a tsallake ko rana ɗaya.