ƘARFIN JA KO GUDU: GYARAN INJIN MOTA DON HANYOYIN FADAMAR HAƊEJA



Duk wanda aiki ya taɓa kai shi ƙauyukan Auyo ko Guri ko Kirikasamma ya san ƙasar Haɗeja fuska biyu gare ta. Da damina, in kogi ya cika ya malala cikin fadamu, hanya takan koma laka mai riƙe ƙafar mota. Da rani kuwa, in aka hau jigayi, sai rairayi ya karɓi aikin. Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya yadda ruwa ke zuwa, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai da dama, har ruwa yakan bi inda ba a saba ba. A ambaliyar 2022 garuruwa da yawa a Jihar Jigawa sun yanke daga sauran jama'a. In mota ta kafe a irin wannan hanya, abin da ke cikinta shi ke shan wahala: mace mai naƙuda, ko maganin rigakafin da ƙanƙararsa ke narkewa, ko shinkafar manomi.

Abin da motar fadama ke bukata shi ne ƙarfin ja a lokacin da inji ke juyawa a hankali. Gudu ba shi da amfani a wurin da direba ba ya wuce giya ta biyu.

Hanyoyi biyu na ƙara girman inji

Girman inji shi ne yawan iska da man da silindojinsa ke iya zuƙa. Abu biyu ke ƙayyade shi: faɗin bakin silinda, da tsawon tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka hanyar ƙara shi biyu ce. Ta farko a faɗaɗa silinda, kamar yadda kamfanin Peugeot ya yi wa injin 504, motar da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975: an ɗaga faɗin silinda daga milimita 84 zuwa 88, tafiyar fistan ta tsaya a 81, inji ya tashi daga lita 1.8 zuwa lita 2. Ta biyu kuwa a tsawaita tafiyar fistan, ta hanyar sa karanshaf mai dogon gwiwa.

Hikimar hanya ta biyu bakanike ya daɗe da saninta. In noti ya ƙi kwancewa, yakan zura bututun ƙarfe a hannun sifana, sai ga noti ya saki, alhali ƙarfin damtsensa bai ƙaru ba. Gwiwar karanshaf ita ce hannun sifanar inji. In ta ƙara tsawo, silinda za ta zuƙi abinci fiye da da, kuma kowane bugu na fistan zai murɗa ƙafa da ƙarfi tun inji bai ɗauki zafin gudu ba.

Misalin Land Rover

Babu misalin da ya fi kusa da ma'aikacin gwamnati irin Land Rover, motar da ta yi shekaru tana kai malaman gona da ma'aikatan lafiya rangadi a Arewa. Tsohon injinta mai silinda huɗu girmansa cc 2,286 ne, tafiyar fistan milimita 88.9. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya fito da sabon inji mai cc 2,495, na gas da na fetur. Faɗin silinda bai sauya ba. Tafiyar fistan ce aka kai milimita 97. Wato ƙarin milimita 8 ya haifar da ƙarin girma na kusan kashi 9 cikin ɗari. Abin lura shi ne, tun a 1980 kamfanin ya riga ya ƙarfafa gindin injin, ya mai da mazaunan karanshaf biyar maimakon uku. Sai da aka gyara tushe kafin a ɗora kaya.

A Amurka ma masu shiga daji da Jeep sukan ɗauki karanshaf na tsohon inji mai lita 4.2 su sa a cikin mai lita 4, su sami kimanin lita 4.6.

Farashin wannan ƙarfi

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Da fari, ƙarin milimita 8 yana nufin fistan zai hau sama da milimita 4, ya kuma sauka ƙasa da milimita 4. In ba a sa gajeren fistan ko gajeriyar sandarsa ba, zai daki kan inji. Na biyu, matsin da ke cikin silinda zai ƙaru, in kuwa fetur ba mai kyau ba ne, inji zai riƙa ƙwanƙwasa har fistan ya lalace. Na uku, fistan zai riƙa yin doguwar tafiya cikin lokaci ɗaya: a juyi 4,000 cikin minti, saurinsa zai tashi daga kimanin mita 12 zuwa mita 13 a daƙiƙa, wanda ke ƙara gogayya da zafi. A ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40, dole a duba lagireto da kuloci tun kafin a tayar da inji.

Har ila yau, ƙarfin ja ba ya maganin ruwa. In ruwa ya shiga ta mazuƙar iska, ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistan ta lanƙwashe nan take. Ɗaga bututun iska sama, da sa tayar da ta dace, da rage mata iska a cikin rairayi, sau da yawa sun fi sabon karanshaf amfani, kuma sun fi shi araha.

Kammalawa

Kayan gyara ba su ne matsala ba, don kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano cike take da su. Basira ma akwai ta a garejin Haɗeja. Inda gizo ke saƙar shi ne awo, domin tazarar da ke tsakanin karanshaf da mazauninsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, ido da hannu kuwa ba sa iya gane ta. Ya kamata makarantun fasaha, irin su Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja, su buɗe ƙofa ga kanikawa, a koya musu aiki da ma'aunai masu auna ɗaya bisa ɗari na milimita. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen mota kuma, ya kamata ya tambayi ƙarfin janta da juyin da take ba da shi, kafin ya dubi fenti da kujeru. Ranar da kogi ya cika, wannan tambaya ce za ta raba motar da ta isa asibiti da wadda ta kwana a fadama.