Fursunan Da Ke Fita Aiki Da Safe, Ya Kwana A Kurkuku

Duk ranar da alƙali ya ɗaure magidanci wata shida, har da iyalinsa ya ɗaure. Tukunya ta daina hawa murhu, mai gidan haya ya fara sallama, kafin ya fito kuma wani ya maye gurbinsa a wurin aiki.

Wannan matsala ce ta sa majalisar jihar Wiskonsin ta Amurka ta yi wata doka a shekarar 1913, wadda ake kira Dokar Huber, da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Henry Huber. Dokar ta shafi masu ƙananan laifuffuka ne, waɗanda ɗaurinsu bai wuce shekara ba. Alƙali yana iya yarje wa irin wannan fursuna ya fita da safe ya je aikinsa, in an tashi ya dawo ya kwana a ɗaure. Wanda ya ƙi dawowa, hukuncin wanda ya tsere daga kurkuku ya hau kansa. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta yi irin wannan doka ga nata fursunonin ba sai a 1965.

To, a lura da inda albashin ke zuwa, domin nan ne maganar take. Hukuma ke karɓa ta rarraba. A da, takan fara cire kuɗin ci da kwanansa a kurkukun, sannan kuɗin mota, sannan na ciyar da iyali, sannan bashi. Abin da ya rage a ajiye masa sai ranar fita. Kun ji tsarin wancan lokacin, 'yan'uwa: kurkuku ke fara cin nata kafin 'ya'yan mutum! In albashin ƙarami ne, me zai isa gida?

Duk da haka kada a haɗa shi da abin da jihohin kudancin Amurka suka yi bayan hana bauta a 1865, inda suka riƙa bayar da hayar fursunoni, akasarinsu baƙar fata, ga masu ma'adinai da gonaki, kuɗin ya shiga aljihun gwamnati. Jihar Alabama ba ta daina ba sai 1928.

A Nijeriya kuwa, ko an kawo tsarin gobe, ba zai kai ga mafi yawan waɗanda ke tsare ba, domin fiye da rabinsu jiran shari'a suke yi, babu alƙalin da ya yanke masu hukunci balle ya yarje masu fita.