Jawabin Kwamitin Ilimi Kan Tsofaffin Kwamfutocin Makarantarmu

 

Kwamfutocin nan masu Pentium 4 da muka yi karo-karo muka saya wa sakandaren garinmu sun daɗe jibge a sito, wai sun mutu. Mun buɗe su ɗaya bayan ɗaya, muka tarar yawancinsu doguwar suma suka yi. Wadda ke mance kwanan wata, ɗan batirinta ne mai kama da kwabo, CR2032, ya ƙare. Wadda ke kuka ba hoto, ram ɗinta muka zare, muka goge bakinsa da magogin fensir, ta farfaɗo. Wasu ƙurar hunturu ce ta toshe masu fanka, sai su yi zafi su ɗauke. Masu kumburarrun kafasito kaɗai ke jiran mai gyara da dalmarsa.

Ba mu ce a hau intanet da su ba, domin tun 2014 Microsoft ya janye kulawa daga Windows XP. Amma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, alhali wasu 'ya'yanmu sai a zauren jarrabawa suke fara ɗora hannu a kanta. Roƙonmu gare ku mazauna birni shi ne kuɗin batura da ladan mai gyara, kafin a dawo hutu.