Alƙalami da Godiya

Yau maganarmu a kan ƙwaya ce, da yadda alƙalamin nan na hannunku zai taimaki mai son rabuwa da ita.

Kowa ya san tiramol. Asalinsa maganin ciwo ne, likita ya kan ba da miligiram 50 ko 100 ga wanda ya karye ko aka yi wa aiki. Amma na 'yan sayarwa a ɓoye ya kan kai 225. Saurayi ya sha da asuba don ya yi huɗa bai gaji ba. Bana ɗaya ta ishe shi, baɗi sai uku. Wani har ya faɗi cikin gona yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2018 sai da Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

To, a ce mutum ya yi niyyar bari. Kwanakin farko akwai zufa, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Wannan aikin likita ne, kada a yanke sha kwatsam ba da shawararsa ba. A tafi asibiti a Kebbe ko Tambuwal. In abin ya yi tsanani, akwai babban asibitin ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato.

Jiki ya kan warke da wuri, zuciya ce mai nawa. Ƙwaya ta saba mata da daɗin nan take, saboda haka in an bari, fura ba ta daɗi, hira ba ta daɗi. Da dare mutum ya kwanta yana ƙidaya hasara: ragon da ya sayar, gonar da ya jinginar, yarinyar da aka hana shi. Wannan lissafi shi ke mai da shi wurin mai ƙwaya. Mu kuwa wani lissafi mu ke so ya koya.

A 2003 waɗansu malaman jami'a biyu a Amurka, Emmons da McCullough, suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sun sa waɗansu ɗalibai su riƙa rubuta abubuwan godiya kowane mako, waɗansu kuma abubuwan ɓacin rai. Bayan mako goma, masu rubuta godiya sun fi jin daɗin zamansu, sun kuma fi ƙarancin kukan ciwo. Ɗalibai ne, ba mashaya ba, don haka ba mu ce wannan zai maye gurbin likita ba. Taimako ne, kuma ba ya cin ko kwabo.

Ga yadda za a yi. Bayan sallar lisha, ka ɗauko littafinka, ka sa kwanan wata, ka rubuta abu uku na alheri da suka same ka yau. Kada ka rubuta "lafiya" kurum ka rufe. Dukanmu mu kan ce alhamdu lillahi sau ɗari a yini, baki na faɗi, hankali na kasuwa. Amma sabon mai rubutu hannunsa ba ya sauri, kafin ya gama layi ɗaya zuciya ta tsaya a kan abin. Ka rubuta kamar haka:

Yau na ci tuwo na ji daɗinsa.
Yau Inna ta aike ni da kuɗi ba ta ƙirga canji ba.
Yau kwana tara ban sha ba.

In akwai sunan mutum cikin rubutun, gobe ka je ka gode masa baki da baki. Ran da marmari ya taso, ka buɗe shafukan baya ka karanta da ƙarfi. In ka zame ka sha, kada ka yaga littafin, ka ci gaba a shafi na gaba.

Ku kuma iyaye da matan gida, yaba kyauta tukwici. Yaro ya yi kwana tara, ku yaba taran, ku bar gorin rago.

Aikin nan na ajin duka ne, mai sha da wanda bai taɓa ba, don kada a gane wani a nuna shi. Ran karatu mai zuwa kowa ya zo da layi uku. Malami zai gyara baƙaƙe da wasula a keɓe, ba zai karanta wa kowa ba.