Shaidan da Ba Shi da Ƙabila: Jawabi a Kan Kyamarar Gaban Mota

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu da iyayenmu, direbobi da 'yan kasuwar wannan Sabo namu na Ibadan.

An nemi in yi magana a kan 'yar kyamarar nan da ake maƙalawa a gilashin gaban mota, wadda ke ɗaukar hoton hanya muddin mota na tafiya. Wani zai ce ai wannan abin 'yan boko ne da masu manyan motoci. To, ni ina ganin babu wanda ya fi mu bukatarta.

Dalili kuwa, mu baƙi ne, ko da an haifi kakanninmu a nan. Idan haɗari ya auku, kafin direbanmu ya fito tuni jama'a sun kewaye shi, ana ta magana da yaren da bai iya ba sosai, kuma masu ba da shaida duk 'yan unguwa ɗaya ne. Ba mu manta da rikicin Mile 12 a Legas a watan Maris na 2016 ba, wanda jaridu suka ruwaito cewa daga gardama a kan ɗan acaɓa ya faro, har aka yi asarar rayuka da dukiya. Haka kuma na Shasha a nan kusa da mu a Fabrairun 2021, daga ƙaramar cacar baki ya soma. A irin wannan hali, shaidan da ba Bahaushe ba ne, ba Bayarabe ba, abin nema ne. Gani ya kori ji.

Amma fa, jama'a, sayen kyamara daban, samun shaida daban. Bari in ba ku misali da abin da ya sami direbana. Wata ƙaramar mota ta sha gabansa ba sigina, ya goge ta. Aka yi sulhu a bakin titi, ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Arewa. Bayan kwana uku sai ga mai motar ya kai ƙara, ya juya magana. Muka ciro kati da murnarmu, sai muka tarar babu komai sai hoton hanyar Mokwa. Ashe ita na'urar, idan katinta ya cika, sai ta koma ta riƙa share tsohon hoto tana ɗora sabo. Katin 32GB 'yan awowi kaɗan yake ɗauka, bai isa tafiyar Ibadan zuwa Kano ba. Ƙarshenta mu muka biya.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Da zarar abu ya faru, in dai kana da rai da lafiya, danna maɓallin kulle hoto. Galibinsu suna kulle shi da kansu idan suka ji gigita mai ƙarfi, amma ɗan guga ba lalle ya tashe su ba. Sa'an nan ka kashe na'urar, ka zare katin, ka sa a aljihunka. Kada ka bar shi a mota, don ita motar za a iya ja ta zuwa ofishin 'yan sanda, ko ma a cinna mata wuta. In akwai wanda ya ji rauni, shi ne farko: a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122.

Na biyu, a kwafi hoton wuri biyu ko uku tun ran nan, ɗaya a ajiye wajen sakataren ƙungiya. Idan hukuma ta nema, a ba ta kwafi. In kuwa ta nace sai ainihin katin, a bayar gaban lauya ko shugabanni, a kuma rubuta cewa an karɓa.

Na uku, kada a yanke, kada a gyara, kada a watsa a WhatsApp. Turawa ta waya kan rage ingancin hoto har lambar mota ta ƙi karantuwa. Ban da haka, hoton gawa ko na jini da ya bazu a gari yana iya tayar da fitinar da muke gudu, kuma cin mutuncin iyalan mamaci ne.

Na huɗu, a daidaita kwanan wata da agogon na'urar. Haɗari ya faru ran Talata, hotonka na nuna wata shekara can baya, lauyan abokin shari'a kuwa ya sami abin kamawa. A kuma riƙa duba katin lokaci-lokaci, don zafin rana da yawan aiki na kashe shi ba tare da mutum ya sani ba.

Game da kotu, Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da na'ura ta ɗauka, amma bisa sharaɗi. Sai an nuna cewa na'urar na aiki daidai a lokacin, kuma akan haɗa da takarda mai sa hannun wanda ke kula da ita, mai bayyana yadda aka samo hoton. Wannan aikin lauya ne, amma ba zai iya ba sai ka adana na'urar da katin.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu sani wannan shaidan ba ya son kai. Yadda zai wanke ka, haka zai tona ka idan ka yi gudun wuce sa'a, ko ka keta danja, ko ka bai wa yaron mota sitiyari. In laifin namu ne, kada mu share hoto. Ɓoye shaida zunubi ne, haƙƙin mutum kuwa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mutuncinmu a garin nan gaskiyarmu ce ta saya mana shi.

Ina ba shugabanni shawara a soma da motocin kayan gwari da na shanu, a koya wa direbobi da yaransu zare kati tun kafin ranar bukata.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.