Ƙofar Fili da Ƙofar Gida: Nazari a kan Fim ɗin 42 da Wariya a Fagen Wasanni

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zuwa kallon dambe da kaka, a ce a Ɗandamisa ko Maƙarfi ko Ikara ko Kudan, ya san fage wuri ne da ba ya karɓar ƙarya. Da zarar an goce da kiɗa, 'yan dambe biyu sun ɗaure hannu sun fito, to, ba mai tambayar ɗan wane ne wannan, ƙasa ce alƙali, wanda ya taɓa ta shi aka kashe. Amma akwai tambayoyi biyu da ƙasar fage ba ta amsawa. Ta fari, wa aka yarda ya shigo fagen tun farko? Ta biyu, in an tashi daga wasa, a ina aka yarda gwanin ya zauna? Waɗannan tambayoyi su ne wannan lacca za ta bi, ta hanyar nazarin wani fim na Amurka mai suna 42, sa'an nan ta komo da su gida.

Wasan da Fim ɗin

Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum 9. Ɗan wasa ɗaya yana jefa ƙwallo, abokin hamayyarsa ya make ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa a guje ya kewaya matsayi huɗu ya komo inda ya tashi. Kowace komowa ci ɗaya ke nan. A farkon rabin ƙarni na 20 babu wasan da ya kai shi farin jini a Amurka.

Wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya yi wasa a babbar gasa a 1884. Bayan haka masu ƙungiyoyi suka haɗa baki suka rufe ƙofa, ba tare da sun rubuta wata doka ba, kuma ƙofar ta zauna a rufe fiye da shekara 60. Jackie Robinson ne ya fara ratsa ta ranar 15 ga Afrilu, 1947, sanye da rigar ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta birnin Niyok mai lamba 42. Daga lambar nan fim ɗin ya samo sunansa. An fitar da shi a 2013. Brian Helgeland ne ya rubuta kuma ya ba da umarni, Chadwick Boseman ya fito a matsayin Robinson, Harrison Ford kuwa a matsayin Branch Rickey, shugaban ƙungiyar.

Labarin ya ɗauki shekara uku ne kurum, 1945 zuwa 1947. Rickey ya kira Robinson a watan Agusta na 1945, ya gitta masa sharaɗi: za a zage shi, za a jefe shi da ƙwallo da gangan, kuma tilas ya haɗiye, kada ya rama. Ya yi shekarar 1946 a ƙaramar ƙungiyar Montreal ta Kanada, sa'an nan aka ɗaga shi zuwa Dodgers. Waɗansu abokan wasansa suka sa hannu a takardar cewa ba za su yi wasa da shi ba. Ben Chapman, mai horar da ƙungiyar Philadelphia, ya yi ta surfa masa ashar a bainar jama'a. A wannan birnin kuma wani otel ya ƙi saukar da ƙungiyar saboda shi. Duk da haka, a ƙarshen kakar wasa shi aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa.

Abin da Fim ɗin Ya Tsallake

Fim ɗin ya yi gwaninta wajen nuna nauyin da ke cikin haƙurin dole. Sai dai mai nazari ya kamata ya lura da abin da aka ƙara da abin da aka rage. Wurin da Robinson ya keɓe ya farfasa kulkinsa don baƙin ciki ƙagen marubuci ne. Haka kuma masana tarihi suna shakkar ko Pee Wee Reese ya dafa kafaɗarsa a Cincinnati a 1947 kamar yadda aka nuna. Wannan ba babban laifi ba ne, don kuwa mai tatsuniya ma yakan ƙara gishiri. Abubuwan da aka rage su ne masu nauyi, kuma guda uku ne.

Na farko, halin Robinson kansa. A 1944, yana hafsan soja a Teksas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerar baya, ya ƙi. Aka kai shi kotun soja, ta wanke shi. Fim ɗin ya ambaci wannan da baki kawai ya wuce. Alhali kuwa ta nan ne mai kallo zai gane shirun 1947 dabarar yaƙi ce ta mutum mai zuciya, wanda kuma ya daina shirun daga 1949, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon gasarsu baki ɗaya.

Na biyu, gasar baƙaƙen fata. Da aka rufe musu ƙofa ba su zauna sun naɗe hannu ba. A 1920 Rube Foster ya kafa musu gasa tasu, kuma ƙungiyoyinta da dama mallakar baƙaƙe ne, da masu horarwa da magatakarda da 'yan jaridarsu. Daga cikin irinsu, wato Kansas City Monarchs, Rickey ya ɗauko Robinson, bai kuwa biya ƙungiyar ko anini ba. Wata mace, Effa Manley, mai ƙungiyar Newark Eagles, ita ce ta tsaya kai da fata sai da Cleveland ta biya ta kafin ta ɗauki Larry Doby a Yulin 1947. Da gwanaye suka tafi, 'yan kallo suka bi su, ɗaya daga manyan gasannin biyu ta rushe a ƙarshen 1948, ɗayar ta yi ta ramewa har ta mutu. Wato an kwashe 'ya'yan itace an bar uwar ta bushe. Sai a 2020 hukumar babbar gasa ta yarda cewa wasannin da baƙaƙe suka yi daga 1920 zuwa 1948 daidai suke da nata.

Na uku, tsawon hanyar. Fim ɗin ya ƙare da murna a 1947, kamar an gama. Amma ƙungiyar Boston Red Sox ba ta sa baƙar fata a wasa ba sai 1959. A watan Oktoba na 1972, kwana 9 kafin rasuwarsa yana da shekara 53, Robinson ya faɗa a gaban taro cewa burinsa ya ga baƙar fata yana shugabantar 'yan wasa. Hakan bai tabbata ba sai 1975, sa'ad da Cleveland ta ba Frank Robinson wannan muƙami. An buɗe fili a 1947, amma kujerar shugabanci ta ƙara shekara 28 a kulle.

Shekarar 1947 a Nijeriya

Kada a ɗauka labarin na nesa ne. A zamanin mulkin mallaka ƙa'ida ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, kuma akwai kulob da asibiti na Turawa zalla. A farkon wannan shekara ta 1947 aka hana Ivor Cummings masauki a otel ɗin Bristol na Ikko saboda launinsa, ga shi kuwa jami'i ne na Ofishin Mulkin Mallaka da ke Landan, mahaifinsa mutumin Saliyo. Jaridu da 'yan siyasa suka yi ca, har Gwamna Arthur Richards ya ba da sanarwar hana wariya a wuraren jama'a. Abin da ya sami Robinson a Philadelphia shi ya sami Cummings a Ikko, cikin shekara guda.

A fagen wasa ma an bi hanya mai kama da ta Rube Foster. A 1938 Nnamdi Azikiwe ya kafa ƙungiyar wasanni ta kansa a Ikko domin 'yan Afirka su sami inda ba mai yi musu iyaka. A 1949 'yan ƙwallon ƙafa na Nijeriya 18 suka tafi Ingila, Etim Henshaw na jagorantarsu, yawancinsu ba takalmi, suka ci wasansu na farko da Marine Crosby 5 da 2.

A Arewa kuwa, misalin da ya fi fitowa fili shi ne ƙwallon doki. Hafsoshin Turawa ne suka zo da shi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya karɓe shi ya raya shi, ɗansa Usman Nagogo kuma ya gwanance har ya gagari Turawan. A nan shingen launi ya faɗi da wuri, tun kafin a san Robinson. Sai dai wani shingen ya tsaya, domin wasan yana bukatar dawaki da barga da masu kula da su. Ƙofar ta buɗe wa 'ya'yan sarakuna da manyan hafsoshi da attajirai, talaka kuwa wurinsa bakin fili, ko riƙon linzami.

Shingen Cikin Gida

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana yadda Hausawa ke jera sana'o'i daraja-daraja, da yadda ake bambanta sana'ar gado da wadda mutum ya shiga da rana tsaka. A wannan jeri mahauta da makaɗa da maroƙa suna can ƙasa. Dambe kuwa tun asali da mahauta aka san shi, kuma makaɗa ne ke raya shi.

To, a duba abin mamaki. Sunan Shago da na Ɗandunawa sun game ƙasar Hausa, waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago kuma tana cikin waƙoƙin baka da ake nazari a jami'o'i. Mutum zai biya kuɗi ya shiga fage, ya yi kururuwa, ya yi wa ɗan dambe kari. Amma in wannan ɗan damben ya aiko neman auren 'yarsa, sai a shiga binciken asali, a ce ai gidan mahauta ne. Gaskiya ne wannan bai kai wariyar Amurka muni ba, don babu dokar da ta kafa shi, babu kuma wanda aka hana masallaci ko kasuwa saboda shi, Musulunci ma bai yarda da shi ba. Duk da haka siffar ɗaya ce: a tafa wa mutum a fili, a rufe masa ƙofar zaure. Shingen besbol ma, kamar yadda aka gani, ba a rubuce yake ba, amma ya shekara 60.

Kammalawa

A 1997 aka jingine lamba 42 a dukan ƙungiyoyin babbar gasa don girmama Robinson. Girmamawa irin wannan ba ta da wuya, tun da mai ita ya riga ya kwanta dama. Mai wuyar ita ce wadda ake yi wa mai rai.

Saboda haka akwai aiki biyu. Ma'aikacin da aka ɗora wa sha'anin wasanni, a ƙaramar hukuma ko a jiha, in za a kafa kwamitin dambe ko kokawa, ya dubi waɗanda ke zaune a kujerun, ya ƙirga nawa ne daga cikinsu suka taɓa ɗaure hannu ko suka fito daga gidajen da suka riƙe wasan tun kaka da kakanni. In babu, to, an maimaita abin da aka yi wa gasar baƙaƙen Amurka. Ɗalibin Hausa kuwa, ba sai ya je nesa neman abin bincike ba. A garuruwan Maƙarfi da Ikara da Kudan akwai tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu. A je a same su da rai, a ɗauki tarihinsu daga bakinsu, kuma kada a tsaya ga wanda suka kashe a fage. A tambaye su yadda gari ya karɓe su bayan an tashi.